Matattun Zartunan Mijinyawa

A kwatar Mil Uku ta Fatakwal, shekarun da aka karɓi mulkin kai, in ka tambayi inda Mijinyawa yake sai a ce maka jikinsa na can teburin ƙarshe kusa da famfo, sauran kuwa sai ka jira ya dawo. Mahauci ne ɗan mahauci, daga wani ƙauye a ƙasar Katagum. Dogo, siriri, mai sanyin magana, irin mutumin da kan tsaya da wuƙa a hannu yana kallon ruwan sama har sai mai sayen nama ta ƙwanƙwasa tebur ta ce, "Malam, ka yi nisa ne?" Hannunsa dai bai taɓa bin hankalinsa yawo ba. Yana iya feɗe sa idonsa na kan gajimare, ƙirgin ya fito babu huda ko ɗaya.

A bakin ruwa akwai wani kamfanin katako da yake kai wa kukunsu nama a keke, Talata da Asabar. Kamfanin na da zartuna masu inji, waɗanda mutum ɗaya kan runguma ya kayar da itacen da ƙarti shida ba sa iya kewayewa da hannu. Amma can cikin kurmi ake aiki da su, tafiyar kwana biyu a jirgin ruwa. Gari ba ya ganinsu sai sun mutu. In sun mutu, a ɗoro su bisa gungume, a watsar a ciyawa bayan shagon makanikai tare da tsofaffin tayoyi.

Nan Mijinyawa ya ga na farko, wata Talata ana yayyafi: doguwar sarƙa mai haƙora, kwance cikin ciyawa, ruwa na bin ta. Mahauci ba ya iya wuce kaifi a yashe. Ya tsuguna ya shafa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a haka, har kukun ya leƙo ya ce in yana so ya ɗauka, ya rage musu shara. Ya ɗaure shi a bayan keke, daidai inda naman ya sauka.

Matarsa Zuliha ta tarye shi a ƙofar ɗaki, ta dubi kayan, ta dube shi.

"Sannu da zuwa, Malam. Wannan kuma wane ɓangare ne na saniyar?"

"Zarto ne. Yana da rai, barci yake yi."

"To a shimfiɗa masa a waje, kada mu tashe shi."

Kafin shekara biyar sun zama bakwai. Duk wanda ya ga wani matacce a bola sai ya aika a gaya wa mahaucin nan na teburin ƙarshe. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne, Mijinyawa bai taɓa jin kukan zarton inji ba, ko sau ɗaya. Ya tambayi leburorin kamfani yadda yake. Wani ya ce kamar babbar mota tana hawan tudun shiga Inugu da lodi. Wani ya ce kamar jaki ya haɗiyi babur. Ya yi musu godiya, amma bai yarda ba. Abu mai haƙora sirara haka, masu jeri haka, ba zai yi haushi ba. A kunnensa murya ce siririya, doguwa, wadda ba ta yankewa, mai shiga itace a hankali har itacen ya sunkuya da kansa. Burinsa ke nan a duniya, bayan na cikawa da imani: ya ta da ɗaya da hannunsa ya ji.

Suna haya a unguwar Diyobu, gidan wani dattijo mutumin ƙasar, Baba Wobo, wanda ya ba shi wata 'yar rumfar kwano a bayan madafa. Bayan la'asar Mijinyawa kan shimfiɗa tsohon buzu, ya kwantar da zarto, ya juya kansa gabas, ya yi bisimilla, sannan ya feɗe. Yadda ya san dabba haka ya san inji. Tankin mai tumbi ne. Siraran bututu hanji. Kabireta zuciya. Inda hayaƙi ke fita maƙogwaro. Yakan jera su a faifai kamar kayan ciki, na wankewa gefe, na zubarwa gefe, ko da yake bai taɓa zubar da ko ƙusa ɗaya ba. In abu ya shige masa duhu, sai ya ƙunshe hanta mai kyau a ganye ya nufi makanikan tasha ya ce, "Zuciyarta na tsotsa, amma hanjin bai kawowa." Da fari sun yi ta dariya. Daga baya aka ji su da kansu suna gaya wa direbobi cewa motarsu ciwon hanji gare ta.

Baba Wobo kuwa tsohon mai zarton hannu ne. Shekara talatin ya yi a cikin rami ƙarƙashin gungume, yana ja abokinsa na sama yana ja, garin katako na zuba masa a ido. Ba ya ƙaunar inji ko a hoto. Kullum sai ya jawo kujera ya zauna bakin rumfa, da Hausarsa ta kasuwa gauraye da buroka, Turancin titi.

"Malam, yau ma jana'iza?"

"Jinya dai, Baba."

"Ni zartona bai taɓa shan fetur ba. Garin rogo yake sha, ta bakina."

"Shi ya sa ya tsufa ya bar ka da tari."

Sai tsohon ya yi dariya har tarin ya zo ya ba da shaida.

Cikin bakwai ɗin akwai 'yar gata. Ta huɗu ce, mai fenti ruwan ɗorawa, don haka ya sa mata Ɗorawa. Duk abin kirki da ya samu a jikin sauran ita yake ɗaura wa. Haƙoranta ya bi da magagari har suna ɗaukar ido. Tana da ɗan'uwa, kamfani ɗaya ya ƙera su, amma shi ya yi baƙi ƙirin da ƙonannen mai, yana wari, ga hannu a karye. Wannan Bunsuru ne. Aikin Bunsuru a duniya shi ne a cire masa abu a ba Ɗorawa.

Abu ɗaya ya rage mata. Makanikai na ce masa kwayil, wani ɗan dunƙule da aka tsoma cikin kwalta, shi ke haifar da wutar da ke ta da inji. Mijinyawa na ce masa maɗaciya, saboda ƙanƙantarsa da yawan fitinarsa. Na duka bakwai ɗin sun ƙone, a Fatakwal kuma babu. Aka ce sai kasuwar Anaca, inda in ka yi haƙuri har uwar da ta haifi inji za ka samu.

Mai zuwa Anaca shi ne Kallamu, dillalin shanu, Babarbare, abokin tsokanar Mijinyawa tun suna samari. Yakan bi shanu daga Inugu zuwa Anaca zuwa Fatakwal. Aka ba shi ƙonannen ya tafi da shi don kwatance. Zuwan farko ya kawo na babbar mota, ya kai girman tulu. Na biyu ya kawo wani ƙwai na cikin rediyo.

"Kallamu, wannan ai gilashi ne."

"Mai shagon ya rantse yana ba da wuta."

"Ina wanda na ba ka ka gwada?"

"Yana aljihun wata rigar. Kai mahauci, ni saniya nake kallo in faɗi nauyinta. Wa ya ce maka ni maƙeri ne?"

Haka aka yi shekara biyu.

Sai shekarar sittin da shida ta zo da abin da ta zo da shi. Sojoji suka kashe manya, wasu sojojin suka kashe wasu. Wajen ƙarshen damina jiragen ƙasa suka fara saukowa daga Arewa cike da mutanen Gabas, wasu da raunuka, wasu da labarin 'yan'uwansu da ba su kai tasha ba. Matan da suka shekara goma suna tsokanar Mijinyawa a kan awo suka daina haɗa ido da shi. Shanu suka daina zuwa. Aka fara bin gidajen da 'yan Arewa ke haya. Baba Wobo bai yi dogon bayani ba. Ya mayar da Mijinyawa da Zuliha ɗakin ajiyar doya da ke manne da rumfa, ya ɗaura ƙaton kwaɗo a ƙofar ɗakinsu ta waje, duk wanda ya tambaya ya ce ai sun gudu tun makon jiya, sun bar masa wari.

A kwana na huɗu da hantsi sai ga Kallamu ta katangar baya, babu shanu, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya. Ya sha ruwa kofi uku kafin ya iya gaisuwa. Ya ce Anaca ba ta zaunuwa, a bayan motar kifi ya ɓuya ya zo, an ce gobe hukuma za ta ba da jirgin ƙasa a kwashe mutane zuwa Arewa. Sannan ya laluba aljihu.

"Ungo maɗaciyarka. Na bar shanu goma sha ɗaya a zango, amma wannan ban bari ba, don kada ka ishe ni da magana a lahira."

Ita ce. Mijinyawa ya juya ta a tafin hannu, baƙa, santsi, da 'yan wayoyinta biyu. Ya rarrafa cikin rumfa ya ɗaura ta. Ya ciro fulogi ya jingina da ƙarfe, ya juya a hankali, sai ga wata 'yar wuta shuɗiya ta yi tsalle, ƙarama kamar idon kyanwa. Shekara bakwai yana jiran wannan ƙyaftawar. Ya mayar da fulogi. Ya ɗauko kwalbar fetur gauraye da baƙin mai, wadda yake sabuntawa duk wata saboda irin wannan rana, ya cika tumbi. Ya juya kanta gabas. Ya naɗa igiya a hannu.

A wannan lokacin ya manta da Diyobu gaba ɗaya. Yana cikin kurmin da bai taɓa shiga ba, haske na saukowa tsakanin ganye kamar zare, itatuwa sun yi shiru suna jira.

Hannu ya sauka a kan nasa. Baba Wobo ne.

"Ba yau ba, Malam."

"Sau ɗaya, Baba. In ji kawai in kashe."

Tsohon ya nuna titi da haɓa. Can bakin layi ana jin tafiyar mutane da yawa, da karan sanduna a jikin kwano. Zuliha ta matso bakin ƙofar ɗakin doya, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, in ta yi kuka, mu za a ji."

Ya dubi matarsa, ya dubi Kallamu da ƙafarsa ɗaya a ƙasa, ya dubi tsohon da ya sa gidansa a wuta saboda su. Ya warware igiyar daga hannunsa, zagaye ɗaya bayan ɗaya. Ya tsiyaye fetur ɗin ya mayar kwalba.

Ɗaukarta ba ta taso ba. Ƙunshi ɗaya aka ce kowa, kuma babu sojan da zai ga wannan abu a tasha ya yarda ba makami ba ne. Sai binnewa. Baba Wobo, da yake rami sana'arsa ce, ya haƙa ɗaya mai zurfi a gindin ayaba, sannan ya fita dubo hanyar tasha. Shida ɗin Mijinyawa bai ɓata lokaci a kansu ba. Ya narka ragowar kitsen da ke gidan, ya shafe su sama-sama, ya jefa cikin tsohuwar ganga ya rufe. Bunsuru ne a ƙasa, don ko ya lalace ba a yi asara ba.

Ɗorawa kuwa ya zauna ya yi mata tunani. A garinsu ƙirgi a inuwa ake shanya shi ya bushe. A Fatakwal babu abin da ke bushewa, rigar da ka wanke Litinin ranar Laraba tana ɗiga. Mahautan Mil Uku sun koyi darasi ɗaya a wannan gari, sun riƙe shi kamar karatu: duk abin da kake tsoron ya ruɓe, ba shi gishiri. Ƙirgi gishiri, nama gishiri, har ciwon yatsa gishiri. Yana da wani ƙirgin farin bijimi da ya adana, mai kauri, yana nan da danshinsa. Ya shimfiɗa shi, ya kwantar da Ɗorawa a tsakiya, ya juye mata rabin buhun gishirin jima, yana tura shi da yatsa cikin kowane lungu.

"Ƙara ta wajen haƙoran," in ji Kallamu. "Nan ne ruɓa ke farawa."

Zuliha ta tsaya tana kallo. Ta koma ɗaki ta fito da ɗan kwanon gishirinta na miya, ta durƙusa ta zazzage shi duka a kan tankin.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Mijinyawa.

Ya ɗinke ƙirgin da tsirkiya. Ko da Baba Wobo ya dawo, ƙunshi kawai ya gani, kamar jariri a zane. Da ya ga abin da ke ciki da ya yi magana, don shi ɗan bakin teku ne. Bai gani ba. Suka rufe rami, ya dasa 'ya'yan ayaba biyu a kai.

Washegari ya raka su tasha da kansa, yana gaba suna baya da kayan doya a ka kamar 'yan dakonsa. Jirgi ya bi da su ta Inugu, inda suka hangi rumfunan 'yan'uwansu na unguwar Kol Kam a buɗe, babu kowa, tabarmi na nan a shimfiɗe. Kallamu ya rabu da su a hanya ya nufi Borno. Su kuma suka koma ƙauyen da Mijinyawa ya bari tun gemunsa bai fito ba.

Shekara uku da 'yan watanni ya yi a can. Ranar kasuwa ya yanka akuya ɗaya, wani lokaci biyu. Sauran kwanaki yana gindin tsamiya, inda ake taruwa a saurari rediyon mai gari. Yaƙi ya ɓarke, ana ta ambaton garuruwan da ya sani da ƙafa. Ranar da aka ce ana ruwan wuta a Fatakwal, abin da ya fara zo masa shi ne ramin gindin ayaba, sai daga baya Baba Wobo. Ya ji kunyar wannan jeri ƙwarai, har ya riƙa yi wa tsohon addu'a sau biyu bayan kowace salla, ɗaya ta haƙƙi, ɗaya ta biyan kunya.

Mutanen ƙauye na son labarin zarton. Itacen da suka sani babba kuka ce, ita kuwa ba a yanka ta. Sai su ce, "To Mijinyawa, yi mana kukansa mu ji."

"Ban ji ba tukuna."

"Shekara bakwai kana kiwon abu ba ka ji kukansa ba?"

"Tana da kunya ne."

Amma shi yana ji. In injin niƙa ya tashi a garin gaba, sai ya karkata kai ya ce a'a, wannan ya cika kauri. In babur ɗin malamin gona ya wuce, ya ce wannan yana da gaggawa. Da damina, in hadari ya haɗu, yakan hango ta can ƙarƙashin ƙasa, kwance cikin farin gishiri kamar cikin alli, ruwa na bi ta sama yana wucewa, saiwar ayaba na kewaye ta a hankali ba ta taɓa ta. Sai ya ce wa Zuliha, "Ko shekara goma aka yi, yadda na sa ta haka zan ɗauko." Ita kuma ta ce, "Da yardar Allah. Ai ba mu yi mata rowa ba."

Da aka ce yaƙi ya ƙare, motar shanu ta biyu da ta nufi kudu da su a ciki.

Diyobu ta tsufa fiye da shekarun. Rufin gidan Baba Wobo ya yi huda-huda, an cika ɗakunan da sababbin 'yan haya, yawanci mata da 'ya'yansu da suka fito daga daji. Tsohon na nan, ya rame har kujerarsa ta yi masa yawa. Ɗansa na biyu ya tafi bai dawo ba. Mijinyawa ya tsuguna ya yi gaisuwa cikakkiya, ya yi ta'aziyya, ya tambayi kowa da sunansa. Kwana uku yana wucewa ta gaban ayaba yana kallon wani wajen, don bai ga fuskar da zai tambayi ƙarfe a gidan da aka rasa mutum ba. A na huɗu Baba Wobo ya miƙo masa shebur.

"Je ka tono matattunka, Malam. Wuyanka zai karye da satar kallo."

Ganga aka fara cirowa. Wari ya kori kowa taku biyar, amma da aka share kitsen sai ga su shida suna ƙyalli, ko ɗigon tsatsa babu. Mijinyawa ya yi murmushi. In waɗanda aka yi wa sama-sama haka suke, ina ga 'yar gata.

Ƙirgin ya sandare kamar katako. Da wuƙa ya tsaga shi. Ya buɗe.

Farin gari ne da jan gari. Sarƙar ta haɗe ta zama sanda guda, haƙoran sun narke cikin juna. Ya taɓa tankin, yatsansa ya shige. Ya ɗaga hannunta, hannun ya biyo shi, sauran ya zauna. Ruwan ɗorawar ya rage a wuri ɗaya kawai, bai fi faɗin ƙumba ba.

Baba Wobo ya dangwali farin garin ya kai harshe. Ya dubi Mijinyawa.

"Gishiri ka sa?"

"Rabin buhu."

"A ƙarfe?"

"Don kada ta ruɓe."

Tsohon ya sake duban ƙirgin. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa saboda mutunci, abin ya fi ƙarfinsa, ya zauna daɓas a bakin rami yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. 'Yan haya suka fito kallo, don tun da suka zo gidan ba su taɓa ganin haƙoransa ba.

"Malam, shekara nawa kana zuwa bakin ruwa? Ba ka ga yadda teku ke cin jirgi ba? Jirgi guda, na Bature."

"Na ɗauka tsufa ne."

Zuliha ta rufe baki da gefen mayafi. "Har da nawa na miya," ta ce a hankali. Wannan ya ƙarasa Baba Wobo, sai da aka kawo masa ruwa.

Mijinyawa bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya zauna yana tankaɗe garin da yatsu kamar mai neman tsaba. Can sai ya ji wani abu mai santsi. Maɗaciyar ce. Kwaltar da aka tsoma ta ciki ta hana gishiri shiga, wayoyin kawai suka ci. Ya goge ta a riga. Ya daɗe yana kallon shida ɗin da ke jere a rana, sannan ya yi ajiyar zuciya ya jawo Bunsuru, tunda shi kaɗai za ta shiga.

Mako biyar ya yi yana roƙon Bunsuru gafara da sukudireba. Duk abin da ya taɓa cire masa sai da ya nemo a jikin sauran ya mayar. Hannun da ya karye ya ɗaure da tsirkiya. Igiya ya yanko daga ta ɗaure shanu.

Wata Lahadi da hantsi ya fito da shi tsakar gida. Baba Wobo kaɗai ya gaya wa, sai Zuliha. Mata na wanki, wata na daka, yara na wasa a bakin lambatu. Ya juya kansa gabas, ya yi bisimilla, ya taka da ƙafa, ya ja. Shiru. Ya ja. Tari ɗaya. A ja na tara Bunsuru ya farka.

Leburan da ya ce jaki ya haɗiyi babur ya yi wa abin ladabi. Ƙara ce mai tsaga kai, mai haushi da gurnani da kakari a haɗe, kwanon rufi na amsawa, shuɗin hayaƙi ya cika gida. Mijinyawa ya rufe ido, hannuwansa na karkarwa har haƙoransa, yana laluben muryar nan a ƙarƙashin hayaniyar, ko tana ciki.

Da ya buɗe ido babu kowa a tsaye. Mai daka ta yar da taɓarya tana kwance rubda ciki, ta danne jaririnta da ƙirji. Yaran sun shige lambatu sun rufe kai da hannu, babu mai kuka, sun iya abin sosai. Baba Wobo, wanda aka gaya wa tun jiya, yana ƙarƙashin benci. Mutanen nan shekara biyu da rabi suka yi suna sauraron sama saboda jiragen yaƙi. Shi yana gindin tsamiya lokacin.

Ya nemi kashewa, sai a nan ya gane cewa shekara goma sha ɗaya yana koyon tayarwa, bai taɓa tambayar kowa yadda ake kashewa ba. Ya danna wannan, ƙarar ta ƙaru. Ya ja wancan, sarƙa ta zabura. Daga ƙarshe ya yi abin da hannunsa ya sani: ya laluba ya kama hanjin ya matse da yatsu biyu, ya riƙe, har Bunsuru ya yi shaƙuwa, ya yi shure-shure, ya yi shiru.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tayarwa, yana ba da haƙuri da duk burokar da ya iya. Mai jaririn ta kakkaɓe zaninta, ta dube shi, ta dubi abin da ke hayaƙi a ƙasa, ta ce da yamma ya kawo mata ƙashin miya in yana son ta yafe. Baba Wobo ya fito daga ƙarƙashin benci yana cewa sulensa ne ya faɗi yake nema, kuma daga yau duk mai son ta da matacce ya kai shi bakin ruwa, can inda kifi ne kawai zai firgita.

Da gida ya lafa, Mijinyawa ya zauna a ƙofar rumfa. Zuliha ta kawo masa ruwa ta tsuguna gefe.

"To, Malam. Ka ji?"

"Na ji."

"Haka ne?"

"Wannan ai Bunsuru ne. Me kike jira daga Bunsuru? Ita ba haka za ta yi ba."

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, ya ɗaga mata hannu. Ƙarar ta bar masa wani amo a cikin kunne, siriri, dogo, ba ya yankewa. Ya karkata kai gefe, ruwan na hannunsa bai sha ba.

"Dakata tukuna," ya ce. "Kada ki yi magana."